Gona da Komawa Gida a Matsayin Tushen Waƙar Baka: Nazari Daga Ƙasar Machina

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun daɗe da karkasa makaɗa gida-gida bisa la'akari da waɗanda suke yi wa waƙa. Akwai makaɗan fada da makaɗan jama'a da makaɗan maza da makaɗan sana'a, a cikin na ƙarshen nan ne kuma ake sanya makaɗan noma tare da na maƙera da mahauta da masunta. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, musamman Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), sun daidaita wannan hanya tare da samar mata da kalmomin aiki irin su turke da tubalan ginin turke da gindin waƙa da ɗiya da rauji, waɗanda ɗalibai suka tashi da su a jami'o'inmu. Rabon ya yi amfani ƙwarai. Sai dai kuma yakan sa mai nazari ya ɗauka cewa noma turke ne guda a cikin turaku, wanda makaɗi zai ɗauka yau ya ajiye gobe, kamar yadda zai yi wa attajiri waƙa da safe ya yi wa ɗan siyasa da yamma.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rayuwar karkara tana shiga waƙa ta wata kafa wadda ta fi turke zurfi, wato ta ginin waƙar da raujinta da kalmomin da ake sarrafawa a cikinta, ko da kuwa waƙar ba ta ambaci gona ko sau ɗaya ba. Za a kuma duba abin da kan faru ga waƙar makaɗi idan rayuwarsa ta sake sabon zubi, musamman idan ya bar birni ya koma garinsu ya kama fartanya. An ɗauki ƙasar Machina da maƙwabtanta Nguru da Gashuwa a matsayin farfajiyar dubawa, domin a nan aiki ya ajiye marubucin, nesa da ƙasar Zamfara inda ya tashi, kuma bambancin wuraren biyu shi ya fara jawo hankalinsa ga wannan batu.

2.0 Ƙasar Machina da Maƙwabtanta

Machina tana can ƙuryar arewa maso yammacin Jihar Yobe, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Borno a 1991. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa, tana kuma maƙwabtaka da Jihar Jigawa. Tsohuwar masarauta ce, sarkinta yana riƙe da sarautar Mai Machinama, garin kuma yana zaune a gindin duwatsu a tsakiyar ƙasa mai rairayi. Mangawa, masu magana da wani kari na harshen Kanuri, su ne tushen jama'ar, tare da Fulani makiyaya da Hausawa. Damina a nan gajeruwa ce, bisa ga al'ada ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, saboda haka gero da wake da guna da riɗi su ne abin dogaro.

Idan aka gangara kudu maso gabas sai Nguru, wadda ta kasance mazaunin Galadiman Borno tun ƙarnonin baya, daga bisani kuma ta zama ƙarshen layin dogo da ya taso daga Kano ya iso a 1930. Jirgin ƙasa ya kwashi gyaɗa da shanu da ƙaro, ya kuma kawo fatake da ma'aikata da harshen Hausa na kasuwa. Gaba da nan akwai Gashuwa, fadar Mai Bade, a bakin Kogin Yobe. Tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ne kogunan Haɗeja da Jama'are suke bazuwa su zama fadamu da tafkuna, inda ake noman shinkafa da su da kiwon rani. Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya yadda ruwan yake zuwa, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa a wurare da dama.

An kawo wannan bayani ne domin a ga cewa a ɗan wannan yanki akwai karkara iri biyu, ta tudu da ta fadama, kuma kowace da irin aikin da take sa jiki. Makaɗin da ya tashi a rairayin Machina da wanda ya tashi a bakin tafkin Nguru ba abu ɗaya kunnensu ya saba ji ba, ko da yake yau da harshe ɗaya za su yi wa mai kuɗi waƙa a kasuwa.

3.0 Gayya a Matsayin Makarantar Makaɗi

Kiɗan noma kiɗan aiki ne. A gayya, makaɗi yana rataye da gangarsa yana bin manoma kunya-kunya, yana kiran sunan kowane gwarzo da na ubansa da na kakansa, yana zuga wanda ke gaba, yana yi wa na baya ba'a. Ba shi da damar ya tsara waƙa yadda ya ga dama. Bugun gangar tilas ya dace da saukar garma, tsawon layin waƙa kuma tilas ya dace da numfashin mutumin da ke duƙe, domin idan layi ya yi tsawo manomi ba zai iya karɓa ba, idan kuma kiɗa ya yi sauri fiye da ƙarfin damtse sai aiki ya watse. Daga nan ne makaɗi yake koyon gajeren gindi mai sauƙin kamawa, da ɗiya waɗanda za a iya ƙarawa ko a rage gwargwadon tsawon gonar da yawan mutanen da suka fito. Wannan sassauci na ɗiyan waƙa, wanda muke koyar da ɗalibai a matsayin siffar waƙar baka gaba ɗaya, a gona ne ake ganin dalilinsa a fili.

A nan ne ƙasar Machina ta ba da wani haske. Bahaushe yana yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, amma a rairayin ƙasar Manga yawancin noman ciyawa a tsaye ake yin sa, da wata hauya mai dogon ƙota da ake kira ashasha, wadda ake turawa gaba a ƙarƙashin rairayi tana yanke saiwar haki. Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan wannan yanki, ya bayyana yadda wannan hauya take ba mutum ɗaya damar nome fili mai faɗi cikin ɗan lokaci. Abin da ya shafe mu a nan shi ne motsin jiki. Mai garma sara yake yi, wato ɗagawa da saukewa, mai ashasha kuwa turawa da jawowa yake yi yana tafe a hankali. A iya sauraron marubucin, waƙoƙin aiki na tudun Machina sun fi jan layi da lanƙwasa murya, ba su da yawan tsinkewa irin ta gangar noman Zamfara. Wannan ra'ayi ne na kunne, kuma hanyar tabbatar da shi a buɗe take ga duk wanda zai auna tsawon layuka da yawan gaɓoɓinsu a wuraren biyu, irin awon da marigayi Russell Schuh ya yi wa karin waƙoƙin Hausa da na Bolanci.

Shaidar da ta fi ƙarfi a kan cewa gona makaranta ce tana cikin tarihin manyan makaɗan fada su kansu. Ibrahim Narambaɗa, wanda aka haifa a Tubali ta ƙasar Isa, ya fara shahara ne a fagen kokawa, sa'an nan ya kama kiɗan noma, kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗa ne daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, gidansu kuwa da kiɗan noma aka san shi kafin kotsonsu ya shiga fadar Maradun, daga can kuma muryarsa ta kai ga Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da sarakunan Arewa. Waɗannan mutane biyu su ne ake ɗauka a matsayin ƙololuwar waƙar fada, kuma dukkansu ta gona suka biyo.

Idan aka duba da idon basira za a ga cewa ba su bar ginin waƙar noma a bakin gona ba. Waƙar noma tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, yabon gwarzo da zambon raggo. Gwarzo shi ne mai sammako, wanda rana ba ta kora shi inuwa, wanda rumbunsa ke ciyar da dangi da baƙo. Raggo kuwa shi ne mai ciwon ƙarya da damina, mai zuwa gidan ƙanensa da ƙwarya idan bazara ta yi tsanani. Waƙar fada ma haka take, sai dai sarki ya hau matsayin gwarzo, ɗan sarki mai jiran gado kuma ya gaji raggo. Abin da ake yabon sarki da shi, wato juriya da ciyar da jama'a da gadon iyaye da kakanni, shi ne abin da ake yabon sarkin noma da shi tun farko, mutumin da a al'adar da ba ya samun wannan suna sai ya tara dami dubu ya yi buki ya rabar. Ba a cewa waƙar fada daga waƙar noma ta fito, domin fada tana da nata tsohon tarihi na tambari da kakaki da kirarin yaƙi. Abin da ake cewa shi ne, makaɗin da ya iya riƙe gayya tun hantsi har la'asar ya riga ya mallaki dabarun da zai riƙe fada da su.

Wasu ba su bar fagen ba sam. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi suna ne da waƙoƙin manoma da 'yan dambe, kuma sana'o'in biyu kalanda ɗaya suke bi: damina ta gona ce, kaka kuwa, idan hatsi ya shiga rumbu kuma kuɗi ya shiga aljihu, ta dambe da kokawa ce. Haka abin yake a Machina, inda kokawa take cikin manyan abubuwan da ke tara jama'a a bukin al'adun masarautar, har da 'yan kallo da 'yan wasa daga tsallaken iyaka.

3.1 Rumbun Kalmomi

Ta fuskar sarrafa harshe, batun a bayyane yake har ba ya bukatar dogon bayani. Siffantawa da kamantawa da alamtarwa na waƙar Hausa kusan dukkansu daga daji da gona da garke aka ɗebo su: giwa da zaki da ɓauna da bajimi a wajen yabo, kura da biri da burgu da mujiya a wajen zambo, sai hadari da gulbi da dutse da fako. Laƙabin Gamji da ya bi Sardauna sunan itace ne. Wanda bai taɓa zama a inuwar gamji da rani ba zai iya maimaita kalmar, amma da wuya ya ƙago irinta. Abin lura shi ne, kalmomin noma suna da matakai daki-daki waɗanda ɗan birni ya tattara su a kalma guda. Shi a wurinsa gero gero ne. Manomi kuwa ya san binne da tsiro da firi da maimai da bununi da tumu da zangarniya da dami da ƙaiƙayi, kuma kowace daga cikinsu tana iya zama hoton wani mataki na rayuwar mutum.

4.0 Matsalar Kalmar Sabuntawa

Kafin a shiga kashi na biyu ya kamata a tsaya a kan kalma. A rubuce-rubucen Turawa game da mawaƙansu akwai wani tsohon tunani na cewa mai fasaha yakan gaji da hayaniyar birni, ya tafi ƙauye ya kaɗaita, ransa ya sabunta, ya dawo da sababbin waƙoƙi. Idan aka ɗauko wannan tunani ɗungurungum aka ɗora wa makaɗin Hausa za a yi kuskure biyu. Na farko, ƙauyen Bahaushe ba wurin kaɗaici ba ne. Wanda ya koma garinsu ya koma cikin dangi da surukai da suna da jana'iza da bashin gayya, ya fi zama shi kaɗai a ɗakin haya a Kano ko Legas. Na biyu, harshen kansa bai ƙawata ƙauye ba: baƙauye zagi ne, ƙauyanci kuma aibi ne. Makaɗin da ya koma gida yakan koma ne da sanin cewa wasu za su ce birni ne ya fi ƙarfinsa.

Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara wannan ma'ana ta sabuntawar mutum. Tana da tuba, wadda ta shafi addini, da murmurewa da farfaɗowa, waɗanda suka shafi jinya ko karayar arziki, da sake lale, wadda aka aro daga wasan karta. Kalmomin da suka fi kusa da abin da ake nufi, a ganin marubucin, na gona ne. Saura ita ce gonar da aka bari ta huta shekara ɗaya ko fiye domin ƙarfinta ya komo. Toho shi ne sabon ganyen da itace ke fitarwa bayan an sassabe shi ko bayan rani ya kaɗe shi. Gyauro kuma shi ne abin da ya tsiro da kansa daga irin bara ba tare da an shuka ba. Dukkan ukun suna ɗauke da ma'anar cewa sabon abu daga tsohon tushe yake fitowa, kuma sai an yi rashi ko hutu tukuna. Da wannan ma'ana za a yi amfani da kalmar sabuntawa a sauran maƙalar.

5.0 Komawa Gida

Misalin da ya fi fitowa sarari a yankin Sahel ba Bahaushe ba ne, amma ƙasarsa ta yi kama da ta Nguru ƙwarai, wato rairayi a gefe guda, fadamar kogi a ɗaya gefen. Ali Farka Ture an haife shi a 1939 a arewacin Mali, ya tashi a garin Niyafunke a bakin Kogin Neja. Ya fara kiɗa da wata 'yar garaya mai tsirkiya ɗaya da kuma ɗan goge irin kukuma, kafin ya koma jita. Ya yi aiki a gidan rediyon Mali a Bamako a shekarun 1970, sa'an nan ya koma Niyafunke a 1980. Daga ƙarshen shekarun 1980 sunansa ya kai Turai da Amurka, faifan da ya yi tare da Ba'amurke Ry Cooder a 1994 kuma ya ci kyautar Grammy. A daidai lokacin da kowa ke zaton zai tare a ƙasashen waje, sai ya rage tafiye-tafiye, ya zuba abin da ya samu a gonakin shinkafa da injinan ban ruwa. Ya sha gaya wa masu hira da shi cewa shi manomi ne kafin ya zama makaɗi.

Da kamfanin da ke buga faya-fayensa ya ga ba zai fito ba, sai aka kwashi na'urorin ɗaukar murya da janareta aka bi shi har gida. Faifan da aka ɗauka a can ya fito a 1999 da sunan garin, Niyafunke. Ana yin aikin ne idan ya taso daga gona, tare da makaɗan garin da 'yan amshinsa na gida. Wanda ya saurari wannan faifai tare da na 1994 zai ji bambancin: baƙin kayan kiɗa sun ja baya, ƙwarya da goge da amshi sun matso gaba, turakun kuma sun karkata ga aiki da ilimi da zaman jama'a. An zaɓe shi magajin garin Niyafunke a 2004, ya rasu a 2006.

Abin da ya sauya waƙar wannan mutum ba iskar ƙauye ba ce ko kyan gani na kogi. Masu sauraro ne suka sauya. A Landan ana jin daɗin yatsunsa a kan tsirkiya, ba a jin abin da yake faɗa da harshen Songai ko Fulatanci, saboda haka kalma ba ta da nauyi. A Niyafunke kuwa kowa ya san shi, ya san gonarsa, ya san ko abin da ya faɗa a kan aiki ya yi daidai da abin da hannunsa ke yi. Makaɗin da ke gaban irin waɗannan mutane tilas ya tace maganarsa.

Irin wannan komawa, a ƙaramin mizani, kowace shekara ana yin ta a ƙasar Machina. Da zarar an gama kaka samari sukan fita cin rani, wasu zuwa fadamun Nguru da Gashuwa, wasu Kano, wasu har kudu, idan hadari ya fara haɗuwa kuma su komo. Makaɗa suna cikin wannan ayari. Da rani makaɗi yana tasha da kasuwa da gidan buki, yana yi wa direba da ɗan kasuwa waƙa, mutanen da bai san asalinsu ba, sai ya cike gurbin da yabon kyauta da sunayen garuruwan da suka taka. Da damina kuwa yana gaban mutanen da ya san kakanninsu. Marubucin ya lura cewa a nan ne nasaba take dawowa cikin waƙa, habaici kuma yake yin kaifi, domin habaici ba ya ci sai inda aka san wanda ake nufi. Waƙar rani tana da faɗi, ta damina tana da zurfi, kuma makaɗan da suka daɗe ana jin su galibi su ne masu zagaya tsakanin biyun.

Akwai kuma komawar da ba ta son rai ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun karya garke da rumbu a duk faɗin wannan yanki, sun tura mutane da yawa birane. Al'ummar da ke raɗa wa yunwa suna, kamar yadda aka kira ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba, ba za ta rasa sanya irin wannan a waƙa ba. Wanda ya fita saboda fari ya dawo bayan shekaru ya tarar da gonar gado ta zama saura, ko rairayi ya hau ta, idan ya buɗe baki yabon gwarzo ba zai fito masa kamar da ba. Sai a ji ambaton ƙaddara da haƙuri da waɗanda suka rasu ya yi yawa, zambon raggo kuma ya yi sanyi, domin shekarar da gwarzo da raggo suka tashi hannu wofi ta rage wa wannan zambo daɗi. A wannan gaɓa ce sabuntawa irin ta gona take haɗuwa da tuba, musamman ga makaɗin da ya manyanta ko ya sauke farali. Buɗe waƙa da ambaton Allah da salati tsohuwar al'ada ce, amma akwai bambanci tsakanin mai yin sa domin cika ƙa'ida da wanda ya mayar da shi turke.

Ba kowace komawa ke haifar da waƙa ba. Da yawa sun koma sun rataye ganga har abada, wasu saboda matsin dangi da malamai, wasu saboda gayyar kanta ta ja baya tun da aikin ƙwadago da garmar shanu da maganin feshi suka samu shiga. Inda babu gayya, babu mai kiran makaɗin noma. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya isa misali a kan cewa makaɗi yana iya cika birane da gidajen rediyo da kalangunsa alhali harshensa bai rabu da na karkarar Katsina ba. Amma Shata ya taso ne a lokacin da dandalin ƙauye yake da rai, ya sha daga gare shi kafin ya fita. Yaron da yau ya fara waƙa a ɗakin ɗaukar murya, da fiyano da kwamfuta suna ba shi kiɗa, ba shi da wannan guzuri, kuma na'urar ba ta gajiya balle ta koya masa inda numfashin ɗan Adam yake tsayawa.

6.0 Harshen da Ake Komowa da Shi

Batu na ƙarshe ya shafi masana harshe kai tsaye. Saboda martabar su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi, Hausar yamma ta zama tamkar harshen waƙar yabo. Akan ji makaɗin da bai taɓa taka Sakkwato ba yana cewa yat tahi a maimakon ya tafi, yana cewa ɗiya da gulbi da hwaɗi, domin kunnensa ya gaya masa haka waƙar manya take. Waƙar soyayya ta zamani kuma Kananci take bi. Makaɗin ƙasar Machina da ya fita cin rani yana tsakanin waɗannan kare-kare biyu, kuma babu nasa a ciki.

A gida kuwa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin mai yi wa jama'a waƙa da Hausa a kasuwar Nguru wataƙila da Manganci aka yi masa tawai yana goye, ko da Badanci idan daga wajen Gashuwa ya fito. Badanci ɗan'uwan Hausa ne a cikin iyalin harsunan Cadi, ya kuma ari kalmomi masu yawa daga Kanuri a zamanin ƙarfin Borno, kamar yadda Schuh ya nuna, kafin Hausa ta zo tana mamaye bakin yara. Ƙamusoshin Badanci da aikin binciken harsunan Yobe ya fitar a 2004 sun adana kalmomi da dama na su da noma da itatuwa. Irin waɗannan kalmomi ne suke kutsowa cikin waƙar wanda ya komo, domin sunan kifi ko na ciyawa ko na wani irin rairayi da ya sani tun yana yaro ba shi da takwara a Hausar tasha. Haka nan kirarin gidan wani manomi, idan da Manganci kakanni suka bar shi, da Manganci za a faɗe shi ko da sauran waƙar Hausa ce, sai a samu ɗa guda mai harshe biyu, gindi kuma ya tsaya a ɗaya.

Wannan yana jawo matsala ga mai rubuta waƙa daga kaset ko waya. Ɗalibin da bai ji Manganci ko Badanci ba yakan ɗauki irin wannan layi a matsayin kuskuren furuci, ya gyara shi zuwa kalmar Hausa mafi kusa da shi a sauti, ko ya sa ɗige-ɗige ya wuce. Ta haka matanin da zai isa teburin mai nazari ya riga ya rasa ainihin wurin da makaɗin ya koma gida a cikin harshensa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a rubuta layin yadda aka ji shi tare da taimakon ɗan garin, a nuna harshen da kowace kalma ta fito, a kuma rubuta watan da aka ɗauki waƙar da wurin da aka ɗauke ta, ko a gona ne da damina ko a kasuwa da rani.